Gwajin ruwa daga bakin rijiya zuwa lab

Abu na farko da Malam ya sa ni yi bayan an amince da taken firojet ɗina, wato gwajin ruwan rijiya da na bohol a cikin garin Katsina da ɗan ruwan datti a haɗa, lissafi ne. Ya ce kafin ki taɓa ko kwalba ɗaya a lab je ki lissafo mani giram nawa na EDTA, sinadarin da ake gwada taurin ruwa da shi, za ki auna ki haɗa lita ɗaya mai ƙarfin 0.01 mola. Abin SS2 ne fa, amma wallahi rabinmu 'yan ajin ƙarshe sai mun yi ta susar kai kafin mu tuno. Mol ɗaya na gishirin EDTA ɗin da ake aiki da shi giram 372.24 ne, ka ninka da 0.01 ya ba ka 3.72, shi za ka auna a sikeli ka narkar da ruwan distil ka cika har layin da ke wuyan filas. Sai kuma lissafin tsarma sinadari, C1V1 = C2V2, da duk tsarmin da za ka yi har ka gama firojet da shi za ka yi, don haka gara ya zauna maka tun wuri.

Kusan duk sakamakon ruwa da miligiram a lita ake faɗarshi, mg/L, kuma mutum ba ya gane ƙanƙantar abin sai ya kwatanta. Dunƙulen magi ɗaya kusan giram 4 ne, in ka narkar da shi a ruwa lita 4000 ka sami 1 mg/L kenan. To iyakar dalma a ruwan sha 0.01 ne, kashi ɗaya cikin ɗari na wancan. Shi ya sa wankin kwalba ya zama babban aiki, don ɗan dattin da ya maƙale a jikin gora ya isa ya ɓata maka lamba.

Wanda ya koya mani aikin hannu wani dattijon teknolojis ne da kowa ke ce ma Baba, ya fi shekara nawa a lab ɗin, ba ya faɗa amma in ya kalle ka ta saman gilashinshi ka san akwai magana. Shi ya ce mani kowane waje kwalba uku za ki ɗebo. Ɗaya gorar roba ce wankakkiya don gwaje-gwajen yau da kullum. Ɗaya ta ƙarafa, ita sai an jiƙa ta a asid ɗin naitirik tukuna, kuma in an ɗebo ruwan a ɗiga mashi asid ɗin har pH, ma'aunin yawan asid, ya sauka ƙasa da 2 don kar ƙarfen ya lafe a jikin gorar ko ya kwanta ƙasa. Ta ukun ta ƙwayoyin cuta, kwalbar gilashi da aka dafa a otokilef digiri 121 na minti 15, ba a buɗe ta sai a bakin ruwan, ba a ɗauraye ta, ba a cika ta taf. In ruwan fanfo ne irin wanda ke zuwa daga dam ɗin Ajiwa, tunda an sa mashi kulorin, sai an sa ɗan tayosalfet a kwalbar ya kashe ƙarfin kulorin ɗin, in ba haka ba yana ci gaba da kashe ƙwayoyin a hanya ka zo lab ka ga komai fes ka ɗauka haka yake.

Fita ɗibar ruwa sai da takarda daga sashenmu, kuma kowace unguwa sai an fara gaida mai unguwa. Mun zaga wajajen Ƙofar Sauri, Ƙofar Marusa, Rafin Daɗi da cikin tsohon gari, a damina. A nan zamana mace ya yi rana, don rijiyoyin yawanci a tsakar gida suke, gidan matan aure kuwa ba a shiga, sai ɗan ajinmu da ke riƙe mani kula da ƙanƙara ya tsaya a zaure yana hira da mai gida ni in shige. Tambayoyin da ake mani kusan iri ɗaya ne ko'ina, gwamnati ce ta aiko ku, fanfo za a jawo mana, ko rufe rijiyar za a yi. Sai na yi ta bayani cewa karatu ne kawai Inna, wasu su yarda wasu su ce mai gidan baya nan a dawo.

Waje biyu ne nake son in tsaya a kansu don su suka fi zama mani a rai. Na farko wani bohol ne na masallaci da duk unguwar ke ƙorafi a kanshi, wai sabulu ba ya kumfa, wai yana barin farin abu a gindin butar shayi, wai yana da nauyi a baki. Na biyu rijiya ce a wani tsohon gida lungu biyu daga masallacin, wadda wata tsohuwa ta yi ta yaba mani ita tun kafin in aje jaka. Ta ce ɗiyata wannan rijiyar tun ina amarya na same ta, ruwanta garai-garai ga daɗi, maƙwabta ma nan suke ɗiba. Kuma gaskiyarta, da na jawo guga ruwan tas yake, kana ganin gindin bokiti. Na ce Inna ina ban ɗakinku, ta nuna mani, na auna da tef daga bakin masai zuwa bakin rijiya bai kai mita 8 ba. Abin da ake so kuwa kamar mita 30, amma a cikin tsohon gari wa ke da wannan filin, ko naka ya yi nisa na maƙwabcinka yana bayan katanga.

Akwai abubuwan da a nan take ake aunawa don ba sa jira, zafin ruwa, pH da kondoktibiti. Mitar pH kullum da safe sai an saita ta da ruwan bafa na 4 da 7 da 10 kafin a fita. Ma'aunin Najeriya na ruwan sha, wanda hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta fitar a 2007 aka sabunta a 2015, ya ce pH ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. Kuma a tuna tazarar lamba ɗaya a pH ninki goma ce, ruwan da ke 5.5 ya fi na 6.5 asid sau goma, ba ɗan bambanci ba ne. Kondoktibiti kuma yana gaya maka yawan gishirin da ya narke a ruwan gaba ɗaya ba tare da ya ce wane iri ba ne, iyakarshi 1000. A bohol sai an bar ruwan ya zuba na 'yan mintuna tukuna don wanda ya kwana a bututu ya fita, a goge bakin fanfon da sifirit a ɗan ƙona shi, sannan a tara. Daga nan sai sauri, don na ƙwayoyin cuta ana son ya isa lab cikin awa 6 yana cikin ƙanƙara, ga ruwan sama ga taɓo a lungu ga mai adaidaita na cewa kular nan sai an biya mata kuɗin mutum ɗaya.

Gwajin taurin ruwa shi na fi jin daɗi. Za ka auna ruwa mil 50 a filas, ka zuba bafan amoniya don pH ya hau 10, warinta har cikin ido, sai ɗan ƙyas na indiketa, sinadarin da ke canza launi, da ake kira EBT, nan take ruwan ya koma ja mai duhu. Sai ka tsaya gaban biret, bututun gilashi mai layin awo, da EDTA ɗin nan da ka haɗa, hannun hagu a kan makunnin hannun dama yana juya filas, ɗigo-ɗigo. Abin da ke faruwa a ciki shi ne EDTA yana kame kalsiyam da maganiziyam ɗaya bayan ɗaya, in ya kame na ƙarshe sai indiketa ya saku ya koma launinshi na asali, shuɗi. Kafin nan za ka ga ja ɗin ya fara komawa ruwan hoda, ya yi shanshanbale, a nan ne hannu ke rawa don ɗigo ɗaya ya rage. Baba ya sa mani farar takarda a ƙarƙashin filas ɗin ya ce ki daina kallon biret, kalli ruwan, biret ba inda zai je. Da ya juye shuɗi sai ka duƙa idonka daidai da layin ka karanta daga ƙasan lanƙwasar ruwan, kuma sau uku ake yi a ɗauki matsakaici. An tsara lissafin yadda mil 1 na EDTA daidai yake da miligiram 1 na kalsiyam kabonet, saboda nauyin mol ɗinshi kusan giram 100 ne. Na bohol ɗin masallaci ya sha mil 11.5, ka ninka da 1000 ka raba da 50, ya ba ni 230 mg/L. Ma'auninmu ya ce 150, to ya wuce, kuma ga dalilin ƙorafin mutane nan a fili, kalsiyam ɗin ne ke cinye sabulu kafin ya yi kumfa, kuma in an tafasa ruwan sai baikabonet ɗin ya rushe ya kwanta a matsayin farin dutsen nan na gindin buta, wanda ruwan lemun tsami ko tsamiya ke narkarwa. Sai dai ita WHO, hukumar lafiya ta duniya, ba ta sa ma tauri wata iyaka ta fuskar lafiya ba, matsalar ta sabulu ce da bututu da ɗanɗano. Rijiyar Inna kuwa mil 4 kacal ta sha, 80 kenan, ruwa mai laushi.

Kulorayid kuma da silba naitiret ake yinshi, indiketa kuromet, daga rawaya zuwa jan bulo. Duk wanda ya yi wannan gwajin za ka gan shi da baƙin tabo a yatsu kwana da kwanaki, ba ya fita da sabulu sai fatar ta sake, kuma sinadarin tsada gare shi, Baba a kabad ɗinshi yake kulle shi. A nan na fara ganin alama, kulorayid ɗin rijiyar ya ninka na bohol ɗin, bai kai iyakar 250 ba amma me ya kawo gishiri haka a ruwa mara tauri. Baba ya ce je ki yi naitiret ki dawo mu yi magana.

Shi naitiret da inji ake yi, sifektirofotomita, ka zuba hodar sinadari a 'yar kwalba ka girgiza ka jira 'yan mintuna ruwan ya yi launin zuma, injin ya haska shi ya auna yawan hasken da launin ya shanye. Ya nuna 14. Iyaka kuma 50 ce, kowa zai ce lafiya lau. Baba ya leƙo ya nuna mani 'yan haruffan da ke gefen lambar, NO3-N, wato injin nauyin naitirojin ɗin kaɗai ya ba da, ita kuwa 50 ɗin nauyin naitiret ne gaba ɗaya har da oksijin ukun da ke jikinshi. Naitiret 62 ne, naitirojin 14, in ka raba ka sami 4.43, da shi ake ninkawa. 14 sau 4.43 ya tashi 62 mg/L. Ya wuce. Ya ce ɗalibai da yawa a nan suke rubuta ma mutane cewa ruwansu lafiya yake, har a buga a ɗaure a aje a laburare. Naitiret da kulorayid in suka tashi tare a rijiya mara zurfi kusa da masai to ba sai an yi duba ba, fitsari da bahaya ne ke tsatsafowa ta ƙarƙashin ƙasa, amoniyar ciki ƙwayoyin ƙasa su mayar da ita naitiret, ita kuma ba ta da launi ba ta da wari ba ta da ɗanɗano. Babba bai cika jin komai ba, jariri ɗan ƙasa da wata 6 ne abin tsoro, don a cikinshi tana komawa naitirayit ta hana jini ɗaukar oksijin, leɓe da farce su yi shuɗi-shuɗi.

Na ƙwayoyin cuta a lab ɗin maikiro aka yi, jerin tub da romon MacConkey, a zuba mil 10 a wasu, mil 1 a wasu, 0.1 a wasu, a sa a inkubeta digiri 37. Washegari na rijiyar kusan duk sun juye daga shanshanbale zuwa rawaya ga iska ta taru a 'yar kwalbar da ke kife a ciki, da aka shafa a faranti na EMB kuma sai ga ƙyallin kore nan na E. coli, ƙwayar cutar da ke nuna bahaya ya shiga ruwa. Doka ta ce ko ɗaya kar a samu a mil 100. Na bakin bohol ɗin masallaci bai nuna komai ba. Amma na ɗebo wani daga randar wani gida da suka ce ruwan bohol ɗin ne 'yan ga-ruwa suka kawo masu, shi kuma ya juye, wato tsakanin jarka da moɗa da hannun yara aka ɓata shi.

Ɓangaren ruwan datti shi ya fi cin rai. BOD ana auna yawan oksijin ɗin da ƙwayoyin halitta za su cinye wajen ruɓar da dattin da ke cikin ruwa ne, kwana 5 a duhu a digiri 20, tsari ne da ya samo asali daga Ingila a farkon ƙarni na 20, ƙasar sanyi. Mu a Katsina ɗaki kanshi ya haura 30, don haka inkubetar sanyaya za ta yi, ga wuta ba tabbas, sai da muka yi karo-karon kuɗin man janareta mu da muke da samfur a ciki, kuma kullum wani na zuwa ya duba tamomita. Auna oksijin ɗin da hanyar Winkler muka yi, wani masani ɗan ƙasar Hungary da ya fito da ita a 1888 kuma har yau tana aiki. Kwalba mil 300 a cika ta ba kumfar iska ko ɗaya, a zuba manganis salfet da alkali ayodayid, sai wani gajimare ruwan ƙasa ya taso ya kwanta, a sa asid ya narke ya koma rawaya, a yi taitireshan, wato ɗigo-ɗigon nan daga biret, da tayosalfet, dab da ƙarshe a ɗiga sitaci ya yi shuɗi, a ci gaba har ya washe. Wahalar ita ce ruwa a digiri 20 oksijin ɗin da zai iya riƙewa kusan 9 mg/L ne kawai, ruwan lambatu kuwa yana buƙatar ɗaruruwa, dole ka tsarma shi sosai, kuma tsarmin sai ya faɗa daidai, ya cinye aƙalla 2 ya bar aƙalla 1, in ya cinye duka ka yi asarar kwana biyar. Shi ya sa ake yin tsarmi kala-kala a lokaci ɗaya. Nawa da ya yi kyau mil 6 ne a cikin 300, kashi ɗaya cikin 50, oksijin ya ragu da 4.6, BOD 230 kenan.

Ruwan marina BOD ba ya faɗin gaskiyarshi, don sodar da masu rinin zamani ke zubawa ta kai pH sama da 11, ƙwayoyin da za su ci dattin ma mutuwa suke. Sai COD, wato auna dattin da sinadari maimakon ƙwayoyin halitta, a dafa samfur da daikuromet da asid ɗin salfurik mai ƙarfi a digiri 150 na awa 2, launin ya tashi daga ruwan lemu zuwa kore. Ranar ne kaɗai na ga Baba ya ɗaga murya, wani ya ɗauko ruwa zai zuba a kan asid. Asid ake zuba ma ruwa a hankali, in ka juya zafin da ke tashi zai watso maka shi a fuska. Sauran da ya rage a tub ɗin kuma ba a zubarwa a sinki, akwai kuromiyam da makuri a ciki, jarka ta musamman gare shi.

Ƙarafa ban yi da hannuna ba, injin AAS ake buƙata, sai aikawa muka yi wani lab ana biya kowane ƙarfe kowane samfur, aljihu ne ya yanke mani guda nawa zan nema. Dalma dai ban yarda na bari ba, duk wanda ya tuna abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu saboda dalmar da ke cikin dutsen zinaren da ake niƙawa a gidaje, ba zai tsallake ta ba. Alhamdulillahi wuraren nan biyu ba ta nuna ba. Kafin Malam ya karɓi teburin sakamako kuma sai da ya sa na mayar da komai zuwa meq/L, ma'aunin yawan caji a lita, kalsiyam a raba da 20, sodiyam da 23, kulorayid da 35.5, baikabonet da 61, a tara masu caji fozitif gefe guda masu negetif gefe guda, tunda ruwa ba shi da caji dole su yi kusan daidai, in bambancin ya wuce kashi 5 cikin ɗari akwai gwajin da za a sake. Da wannan yake kama masu ƙirƙirar lamba a ɗaki, don da wuya ƙarya ta daidaita.

Ba ya cikin sharuɗɗan firojet a koma a gaya ma masu ruwa abin da aka gani, kuma yawancin ɗalibai ba sa komawa, ni a ganina wannan ba daidai ba ne, ka shiga gidan mutane sun ba ka tabarma sun ba ka ruwa ka ga matsala ka yi shiru. Na koma gidan Inna, musamman da na tuna surukarta na goyon jaririya 'yar wata uku. Na fara da mai gidan a zaure, na ce Baba ruwan rijiyar nan masai na shigar mashi ta ƙasa. Ya ce to a riƙa tafasawa mana. Na ce tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta ƙwarai, amma naitiret ba ya tafiya da tururi, ruwan ne ke raguwa shi yana ƙara yawa, alam ma ba ya cire shi, kulorin ma haka. Na ce na masallacin da kuke gudu shi ne na sha, a dai ɗebo a jarka wankakkiya mai murfi, rijiyar kuma a bar ta ma wanki da wanka tunda ita ce ma sabulu ke so. Jaririyar kuwa nono kaɗai ya ishe ta har wata 6 kamar yadda ake faɗa a asibiti, kar a ɗura mata ruwan nan ko a dama mata wani abu da shi.

Inna daga tsakar gida ta ce ita fa shekara arba'in tana sha ba abin da ya same ta, kuma wancan ruwan mai nauyi ba zai wuce mata maƙogwaro ba. Ban ja da ita ba. Mai gidan ya ce ita a ƙyale ta amma a riƙa tafasa mata, yara da mai jego kuma na masallaci. Maganar matsar da masai ko a yi mashi siminti ta ciki ya ce sai bayan kaka in an sayar da amfanin gona, kuma sai ya zauna da maƙwabcinshi na bayan katanga tukuna, don nasu ma bai fi taku goma daga rijiyar ba.